Daga Ruwan Lagdo Zuwa Ranar Gidar: Wa Ke Biyan Kuɗin Wutar Arewacin Kamaru?

Magidancin da ke zaune a unguwar Yelwa ko Rumde Ajiya a Garwa, muddin wutar da ya sha a wata ba ta wuce yunit 110 ba, sefa 50 yake biya a kan kowane yunit. Haka takwaransa na Duwala yake biya, haka na Yawunde. Jadawalin 2012 ne ke ɗauke da wannan farashi, ya kuma shafe fiye da shekara goma ba a taɓa shi ba, alhali buhun masara da litar mai da kuɗin haya duk sun yi gaba abinsu. Cikin waɗannan shekaru wutar da ke shiga gidansa ta yi ta sauya asali: da fari daga ruwan Binuwai take zuwa, sai man dizal ya shigo ciki, yanzu kuma wani kaso nata hasken rana ne. Kowanne da kuɗin da yake ci, kuma ba kasafai abin da ke rubuce a takardar kuɗin wuta yake kai wa wannan adadi ba. Kullum akwai giɓi, kullum kuma akwai wanda ya cike shi, ko da saninsa ko ba da saninsa ba.

Kafin 1982 arewacin Kamaru da injin dizal ya dogara. Kudu ta riga ta yi nisa, domin tun cikin shekarun 1950 Faransawa suka kafa tashar lantarki a Edeya, kan kogin Sanaga, kuma mafi yawan wutarta masana'antar alminiyon ta Alucam ce ke sha a farashi mai rahusa. Garwa kuwa tana da masaƙar CICAM, tana da hedikwatar kamfanin auduga na Sodecoton da aka kafa a 1974, ga kamfanin siminti a Figil, amma duk ɗigon man da zai juya injinansu sai ya yi tafiyar fiye da kilomita dubu daga bakin teku. Jirgin ƙasa ma sai a 1974 ya iso Ngaundare. Daga nan tanka ke ɗauka, ta gangaro daga tsaunin Adamawa zuwa kwarin Binuwai.

Shugaba Ahmadu Ahijo ɗan Garwa ne, kuma ba ya ɓoye son garinsu. A 1971 ya ƙulla hulɗar jakadanci da Sin, a 1973 ya je Beijing ya gana da Mao. Daga cikin abin da wannan zumunci ya haifar akwai babban zauren taro na Yawunde, akwai kuma madatsar ruwa ta Lagdo. Injiniyoyin Sin da ma'aikatan Kamaru suka fara aiki a 1977, a wani matsatsi tsakanin duwatsu, kusan kilomita 50 kudu maso gabas da Garwa. Suka tayar da bango mai tsawon mita 308 da tsayin mita 40, suka girka injina huɗu, kowane mai ƙarfin megawat 18, jimilla 72. Aka kammala a 1982, shekarar da Ahijo ya sauka ya miƙa wa Paul Biya mulki. Bayan bangon ruwa ya taru ya zama tafki mai faɗin murabba'in kilomita kusan 586.

A lokacin megawat 72 ta fi ƙarfin buƙatar arewa baki ɗaya. Aka ja manyan wayoyi daga Lagdo zuwa Garwa da Ngaundare, aka ja wata daga Garwa ta bi ta Gidar zuwa Marwa. Kamfanin gwamnati na SONEL, wanda aka kafa a 1974, shi ke rarraba wutar. Dattawan Garwa har yau suna tuna zamanin da ɗauke wuta abin labari ne. Wutar ruwa ce, ba ta cin mai, ba ta hayaƙi, kuma kuɗin gina madatsar taimako ne da bashi mai sauƙin sharaɗi daga Sin. Da za a ɗora wa mai mita kuɗin ginin a farashin kasuwa, da bai ga arhar da ya gani ba. Ke nan tallafi na farko da makamashi mai sabuntuwa ya samu a wannan yanki daga Beijing ya fito.

Akwai kuma kuɗin da ba a taɓa rubutawa a takarda ba. Kafin madatsar, duk damina Binuwai kan cika ya malale fadamu, ya bar laka mai danshi. Idan ruwa ya janye wajen watan Oktoba, manomi ya ɗauko dashen masakwa, wadda Fulanin wurin ke kira muskuwari, ya huda laka da turmin itace mai tsini, ya zuba ɗan ruwa a ramin, ya dasa. Daga nan ba ta ƙara neman ruwa har girbi cikin rani. Da aka tare kogin, ambaliyar shekara-shekara ta ragu a ƙasan madatsar, fadamu da yawa suka daina shan ruwa, noman masakwa ya ja baya. An yi alkawarin maye gurbinsa da noman rani na dubban kadada, amma ɗan kaɗan aka iya gyarawa, har sai a 2020 Bankin Duniya ya amince da sabon shirin farfaɗo da ban ruwa a kwarin. Tashar jiragen ruwa ta Garwa, wadda a da kwale-kwalen dakon kaya ke zuwa cikin damina su kwashi auduga da gyaɗa zuwa Burutu a Najeriya, yaƙin Biyafara ya riga ya karya mata ƙafa, raguwar ruwa kuma ta ƙarasa ta.

Wasu kuwa kakarsu ce ta yanke saƙa. Tafkin ya cika da kifi, masunta suka yi ta kwararowa, Hausawa daga Najeriya da Nijar, Kotoko da Musgum daga bakin kogin Logon, har da mutanen Mali. Tungaye suka tsiro a bakin ruwa da kan tsibirai, bandar Lagdo ta riƙa ratsa iyaka zuwa kasuwannin Yola da Mubi.

Maƙwabta ma sun biya nasu kason. Idan tafkin ya cika maƙil a ƙarshen damina, dole a buɗe ƙofofi don kada bangon ya tsage, kuma ruwan Najeriya yake nufa. An tsara gina wata madatsa a Dasin Hausa, cikin jihar Adamawa, da za ta tare shi, amma ba a gina ba. A 2012 ambaliya ta kashe mutum 363 ta raba fiye da miliyan biyu da gidajensu, bisa ƙidayar hukumar agajin gaggawa ta Najeriya. A 2022 mamatan sun haura 600. Masana ruwa na tunatar da cewa kogunan da ke zuba cikin Binuwai a cikin Najeriya, irin su Gongola da Taraba da Katsina-Ala, suna da babban kaso a wannan ɓarna. Duk da haka, da zarar an ji sanarwar buɗe Lagdo, mutanen Numan da Makurɗi da Lokoja sukan fara ɗaure kaya.

Shekaru suka shuɗe, jama'a ta ninka, Garwa da Marwa da Ngaundare suka bunƙasa, madatsar kuwa tana nan da injinanta huɗu. Sare daji da noma a gangaren tuddai suka sa rairayi da laka ke ta gangarowa cikin tafkin, suna cin gurbin ruwa. A 2001, bisa matsin masu ba da bashi na duniya, gwamnati ta sayar da kashi 56 cikin ɗari na SONEL ga kamfanin AES na Amurka. A 2014 AES ya sayar wa Actis na Ingila, aka sauya suna zuwa Eneo. Masu gida sun sauya, amma ba wanda ya ƙara wa arewa babbar tasha. Madatsar Bini a Warak, kusa da Ngaundare, wadda aka ce za ta ba da megawat 75, an fara aikinta da kamfanin Sinohydro, maganar kuɗi ta tsayar da ita. Wayar arewa kuma ba ta haɗe da ta kudu ba, don haka ko wuta ta yi yawa a Sanaga, ba hanyar da za ta bi ta iso Binuwai.

Ana cikin haka aka daskarar da farashi. Jadawalin 2012 na hukumar kula da lantarki ta ARSEL ya ce gidaje su biya sefa 50 har zuwa yunit 110, sefa 79 har zuwa 400, sefa 94 har zuwa 800, sefa 99 ga abin da ya wuce haka. Gwamnati ba ta manta da tarzomar tsadar rayuwa ta Fabrairun 2008 ba, saboda haka ta gwammace ta riƙa biyan kamfanin bambancin da ke tsakanin ainihin kuɗin samar da wuta da abin da aka karɓa hannun jama'a. A takarda abin ya yi tsaf. A aikace kuɗin ba ya fitowa kan kari, ma'aikatun gwamnati da kansu ba sa biyan kuɗin wutarsu yadda ya kamata, kamfanin ya kasa biyan masu sayar masa da mai da masu sayar masa da wuta, su ma su tsuke hannu. Gyaran tiransifoma da sauya turakun katako da gara ta cinye su ne suka fara shan wuya.

Asirin ya tonu daga 2020 zuwa 2022. Damina ta gaza a saman kogin, tafkin bai cika ba, injinan Lagdo suka koma ba da ɗan abin da ya samu. Aka shiga rabon wuta unguwa-unguwa, wasu wuraren a wuni a kwana babu. Wanda ya san Garwa a watan Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 kuma iska ke tsayawa cak, ya san abin da wannan ke nufi. Azumin waɗannan shekaru ma cikin bazara ya faɗo. Mai walda ya zo da sassafe ya jera ƙarafan ƙofa a bakin shago, ya zauna kan benci yana kallon ƙwan fitilar da ya bari a kunne don ya san lokacin da aka kawo. Matar da ke sayar da ƙanƙara da zoɓo ta buɗe firiza da la'asar ta tarar da ledoji sun narke sun zama ruwan ɗumi. Mai injin niƙa ya ƙara kuɗin tiya domin ya koma kan dizal.

Maganin gaggawa shi ne a koma inda aka fito. Aka ƙarfafa tashar dizal ta Jambutu a Garwa, aka yi hayar injina a Marwa, aka ciro injinan megawat 20 daga tashar Ahala ta Yawunde aka loda su a manyan motoci zuwa Garwa da Ngaundare. Akwai dalilin sauri: a Janairun 2022 Garwa za ta karɓi baƙuncin rukunin Najeriya a gasar cin kofin Afirka. Filin Rumde Ajiya ya haskaka, Najeriya ta doke Masar da ci ɗaya da nema, ta cinye wasanninta uku na rukuni kafin Tunisiya ta fitar da ita a wannan filin. Baƙi suka watse, lissafin mai ya rage wa masu gida.

Lissafin kuwa ba ya da wuyar bi. Injin dizal mai lafiya yakan ba da yunit uku da rabi zuwa huɗu a kan kowace lita. Litar dizal a Kamaru ta tashi daga sefa 575 zuwa 720 a Fabrairun 2023, ta kai 828 a Fabrairun 2024. A wannan farashi na ƙarshe, kuɗin mai kaɗai ya haura sefa 200 a kan yunit guda, ban da hayar inji da gyara da asarar da ake yi a kan waya. Sannan a sayar da yunit ɗin sefa 50 ko 79. Ga shi kuma tun da matatar mai ta SONARA a Limbe ta ƙone a Mayun 2019, tataccen mai daga waje ake sayo shi da kuɗin waje. Ƙananan janaretocin shaguna da gidaje su kuma a lokacin wani tallafin suke ci: fetur ɗin zuwa-zuwa da ake tsallakowa da shi daga Najeriya cikin jarkoki, wanda baitulmalin Abuja ya riƙa biya wa rangwame. Ranar 29 ga Mayun 2023 Bola Tinubu ya ce an cire tallafin, cikin 'yan kwanaki farashin kwalba ya yi tsalle a bakin titunan Garwa.

A wannan hali sola ta shigo. A 2021 Eneo ya ƙulla yarjejeniya da Release, reshen kamfanin Scatec na Norway, kan tashoshi biyu, ɗaya a Gidar ɗaya a Marwa. Tsarin haya ne: ana kawo farantan a harhaɗe cikin kwantena, a shimfiɗa su a fili, Eneo ya riƙa biya a hankali ba tare da ya zuba jarin gini ba. Tashoshin biyu suna da ƙarfin megawat 36, da baturan ajiya masu ɗaukar kusan yunit dubu 19. An fara sakin wutarsu cikin 2022, aka yi bikin buɗewa a Satumbar 2023, a 2024 kuma aka sa hannu kan ƙarin da zai kai jimillar sama da megawat 64.

Amfaninsu ya wuce wutar da suke bayarwa da rana. Duk sa'ar da rana ke aiki, ana iya rage ruwan da ake saki a Lagdo, a adana shi don magariba, lokacin da kowa ke kunna fitila da fanka da talabijin. Haka kuma ana kashe wasu injinan dizal. Rana ta fi ƙarfi a daidai watannin da tafkin ya fi ja baya, sai abin ya zo daidai wa daida.

Me ya sa farantan sola suka yi arhar da har kamfani mai fama da bashi zai iya hayar su? Amsar tana Turai da Sin. A shekara ta 2000 Jamus ta yi dokar da ta ba duk mai samar da wutar rana ko iska tabbacin farashi mai tsoka na shekara 20, ta kuma ɗora kuɗin a kan masu shan wuta. Ƙarin da ake yi wa kowane yunit ya kai santi 6.88 na yuro a 2017, wato kusan sefa 45, saura ƙiris ya kama dukan abin da talakan Garwa ke biya wa yunit ɗinsa. Jamusawa sun yi ta gunaguni har aka soke ƙarin a Yulin 2022, aka mayar da nauyin kan baitulmali. Sifen ta yi irin wannan alkawari, kuɗi ya fi ƙarfinta, ta janye, masu zuba jari suka maka ta a kotunan sasanci. Amma wannan kasuwa da aka ƙirƙira da tallafi ita ta sa masana'antun Sin suka riƙa ƙera faranti da miliyoyi, har farashinsa ya faɗi da kusan kashi 90 cikin ɗari tsakanin 2010 da 2020. Magidanta a Hamburg da Munich sun biya wani ɓangare na arhar da Gidar ke mora. Shi kansa Release da kuɗin raya ƙasa yake tafiya, domin wani asusun sauyin yanayi da gwamnatin Holan da Tarayyar Turai ke mara wa baya ya sayi hannun jari a cikinsa, reshen Bankin Duniya mai hulɗa da 'yan kasuwa kuma ya ba shi bashin dala miliyan 100.

Sai dai mai mita a Garwa bai ga ragin ko sefa ɗaya ba, kuma ba zai gani ba, tunda dama ƙasa da kuɗin dizal yake biya. Ribar sola ta tafi wajen rage asarar Eneo da rage abin da gwamnati za ta cika. Abin da ya iso gidaje shi ne ƙarin sa'o'in wuta. Ga tela da mai walda wannan ya fi ragin farashi daraja, domin wuta mai arha da ba ta zuwa janareto take sa a saya.

Akwai kuma waɗanda duk wannan tallafi ke wucewa ta saman kansu. Jihohin arewa uku suna cikin na baya a Kamaru wajen samun lantarki, kuma ƙauyuka masu yawa a Mayo Rey da Faro da Mayo Tsanaga ba su taɓa ganin turken waya ba. Rangwamen sefa 50 na mai mita ne. Wanda ba shi da ita yana sayen batir ɗin tocila, yana biyan mai cajin waya a kasuwa, kuma idan aka auna ɗan abin da ya samu, ya fi attajirin birni biya nesa ba kusa ba. Gwamnati ta gwada rufe wannan ɓaraka da shirin ƙananan tashoshin sola da Huawei ya gina da bashin Sin, ƙauyuka 166 a zangon farko da 184 a na biyu, cikin dubu ɗaya da aka yi niyya a faɗin ƙasa. Irin waɗannan tashoshi rayuwarsu na rataye ne a kan batir, shi kuwa batir yana da wa'adi, kuma kuɗin da ƙauye ke tarawa da wuya ya sayi sabo. Tallafin da ya fi saurin isa ga jama'a shi ne na haraji: an daɗe da cire harajin VAT a kan kayan sola, kasafin 2024 kuma ya yafe kuɗin kwastan na shekara biyu. A babbar kasuwar Garwa yanzu ana jingina faranti a bakin shago kusa da fitilun caji, mai saye ya ɗaure shi a bayan babur, ya kai gida ya ɗora kan rufin kwano ko kan jinka, ya haɗa da batir ɗin mota.

Babban fatan hukumomi yana kudu. Madatsar Nachtigal mai megawat 420, wadda kamfanin EDF na Faransa ya jagoranci ginawa a kan Sanaga, ta kammala a 2025. Yarjejeniyarta ta ce a biya kamfanin ko an sha wutar ko ba a sha ba, kusan sefa biliyan 10 duk wata. Kowane yunit da aka rasa hanyar kai wa mai saye asara ce tsagwaronta, alhali arewa na ƙona dizal. Shi ya sa idanu suka koma kan babbar wayar da za ta haɗa kudu da arewa, daga Nachtigal ta bi ta Tibati zuwa Ngaundare, sannan Garwa da Marwa har Njamena. Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 385 don aikin a 2020, Bankin Raya Afirka kuma ya ɗauki wani ɓangare.

Maganar farashi dai ba ta kwanta ba. Masu ba da bashi na ta matsa lamba a matso da shi kusa da ainihin kuɗin samar da wuta, kuma tun 2023 aka fara ƙara wa manyan masana'antu. A tsallaken iyaka, Najeriya ta ɗauki hanyar kai tsaye a Afrilun 2024, ta mayar da yunit naira 225 ga waɗanda aka yi wa alkawarin wutar sa'a 20 a rana. Yawunde ta bi wata hanyar: a ƙarshen 2025 ta sa hannu kan sayen kashi 51 cikin ɗari da Actis ke da shi a Eneo a kan sefa biliyan 78. Bayan shekara 24 a hannun 'yan kasuwa, kamfanin wuta ya kama hanyar komawa hannun gwamnati, tare da basussukansa, da hayar farantan Gidar da Marwa, da injinan Lagdo huɗu da suka haura shekara 40 suna jiran babban gyara.